Amsa: fankokin lagireton katin girafik, ina zan jona su?

Malam, ka ce fanka uku ne a kan lagireton da ke huce ruwan sanyaya katin girafik ɗinka, kuma kana son su riƙa bin zafin GPU, wato ƙwaƙwalwar katin. Kada ka haɗa su duka a soket ɗaya na madabod, wato babban allon kwamfuta, sai ka duba. Yawancin waɗannan soket ɗin amfiya 1 suke ɗauka a kan bolt 12. Juya kowace fanka, a bayanta an rubuta abin da take ja, ka tara. In ya kusa 1, nemi hob, wato ƙaramin akwatin jona fankoki da yawa, wanda ke shan wuta daga wayar SATA ta akwatin wutar kwamfuta, shi kuma madabod sai ya riƙa aika siginar PWM kawai, wadda ke gaya wa fanka gudun da za ta yi. Ka tabbata fankokin masu fil huɗu ne a filoginsu, don masu fil uku ba sa jin PWM, sai dai a rage musu bolt.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne BIOS, wato manhajar saitin madabod. Shi yawanci zafin CPU, babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, yake kallo, ba ruwansa da katin. Sai ka ga GPU yana dahuwa, fankoki suna juyawa a hankali abinsu. Manhajar FanControl kyauta ce a Windows, za ta ba ka damar ɗaure gudunsu da zafin GPU. Famfon da ke tura ruwan kuwa bar shi a gudu ɗaya, kada ya riƙa hawa yana sauka.

Ga kuma yanayin Zariya. Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran lagireto, ka riƙa hure su. Zafin Afrilu kuwa, musamman in ɗakinka a Samaru kwano ne ba silin, sai ka sa fankokin su fara tashi da wuri, tun GPU yana wajen digiri 45.