Amsa ga mai tambaya kan mutum-mutumin da ya fashe a wuta

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce kin gina mutum-mutumin mace na yumɓu mai dogon wuya da hannuwa uku, ta fashe wajen gashi, aka ce karkata jikin da kika yi ne ya jawo, wai ki koma gina mutum daidai. Don Allah kada ki yarda da wannan magana.

Ni ma an yi mini. Lokacin da mahaifina ke jinya na gina wani tsoho, kansa ya zubo bisa ƙirji, bakinsa a kafaɗa, domin haka ciwon ya mayar da shi a idona. Na kai wa wani mai tanda, na roƙe shi ya fara da wuta kaɗan-kaɗan. Shi kuwa kofunan wata mai oda yake saurin fitarwa, ya ɗaga wuta. Da aka buɗe, kan ya tarwatse. Ko haƙuri bai ba ni ba. Cewa ya yi ai dama aljani na gina, a gaban yaransa, suna ta dariya. Na tsuguna ina tsince gutsattsarin cikin gyalena, hannuna na rawa. Har yau ba na iya bin layin nan.

Ruwan da ya saura cikin yumɓu ne ke zama tururi a digiri 100 ya fasa aiki. Ki rarake cikin, kaurin kada ya wuce santimita 2, ki bar 'yar kafa a ƙasa. Ki cuɗa yumɓun da dakakken tsingaro. Siririn wuya yana rigan gangar jiki bushewa, daga nan tsagewa ke farawa, sai ki naɗe shi da leda, balle da hunturu. Kada ki bar wayar ƙarfe a ciki, yumɓu na tsukewa, ita ba ta tsukewa.

Masu cewa kwaikwayon Turawa muke, wai don marubuci André Breton ya yi shelar salon surrealism, wato fasahar sauya kamannin abu kamar a mafarki, a Faransa a 1924, su je su dubi kawunan yumɓu da mutanen Nok na dā suka gina a kudancin Kaduna. Kai ya fi ƙarfin jiki, ido mai kusurwa uku a huje, kuma sun haura shekara 2,000. Wannan maganar tana ƙona mini rai.

Idan zafin tanda ya kai wajen digiri 573 ma a bi a hankali, domin a nan ma aiki kan tsage. Ranar gashi ki tsaya bakin tandar da kanki. Ki turo hoton inda ta fara tsagewa mu duba tare.