An Ɗora Sabon Ma'aikaci a Kaina: In Ajiye Aiki In Koma Makaranta?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mace ce mai shekara 31, ina da aure da 'ya'ya biyu, kuma shekara bakwai ke nan ina riƙe da littafin lissafi a wani shagon sari na kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Da takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da kwas ɗin lissafin kuɗi na shekara biyu na kama aikin. Duk buhun shinkafa ko jarkar mai da ta shiga sito ko ta fita, da hannuna nake rubutawa, kuma na san mai biyan bashi ranar alkawari, na san wanda sai an aika masa yaro sau uku.

A watannin baya Alhaji mai shagon ya ɗauko wani matashi da ya gama jami'a, ya saya masa kwamfuta, ya ce shi zai riƙa haɗa lissafin wata da takardun haraji, ni kuma in riƙa miƙa masa littafina kowace yamma. Albashinsa ya kusa ninka nawa. Ranar da na fara ajiye littafin a teburinsa, da ƙyar na riƙe hawayena har na isa gida. Maigidana ya ce in yi haƙuri, ƙawata kuma ta ce in ajiye aikin in koma makaranta in nemo digiri. Ina da jaka 300 da na kwasa a adashi. Hajiya, ina mafita?

'Yarki daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Wa alaikumus salam 'yata. Zafin da kika ji ba laifi ba ne, domin shekara bakwai ta riƙon amana ba abin wasa ba ce. Amma ina roƙonki kada ki ajiye aikin nan. Ƙawarki alheri take nufi, sai dai ba ta auna tsawon hanyar ba: kafin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta karɓe ki sai kin samu BAC, takardar kammala babbar sakandare, sannan ki yi shekara uku kafin digiri na farko, duk babu albashi, ga yara biyu, alhali jaka 300 ba za ta kai ki ko'ina a wannan tafiya ba.

Ki duba da kyau abin da Alhaji ya saya da wannan albashi. A ganina ba takardar jami'a ya saya ba, kwanciyar hankali ya saya game da hukumar haraji. Tun ranar 1 ga Janairun 2018 ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ciki har da Nijar, suke aiki da tsarin lissafi na SYSCOHADA da aka sabunta, kuma ɗan kasuwar da cinikinsa na shekara ya haura sefa miliyan 60 ba ya cikin masu ɗan sauƙaƙƙen lissafi na shiga da fita, dole ya gabatar da cikakken bayani. Ga harajin TVA da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, na kashi 19 cikin 100, ga rasit mai tabbaci da na'ura ke fitarwa wanda hukuma ta shigo da shi a 'yan shekarun nan. Littafin hannu, kome kyan rubutunsa, ba ya iya ɗaukar wannan kaya shi kaɗai. Giɓin da ke tsakaninki da yaron nan ke nan, kuma giɓi ne da ake cikewa cikin watanni.

Saboda haka ki fara da Excel, manhajar kwamfuta ta jera lissafi a jadawali, ki ƙware a kai har ki iya fitar da jimillar bashin kowane mutum da sauran kayan sito ba tare da kin taɓa kalkuleta ba. Bayan nan ki koyi manhajar Sage, wadda ake yawan amfani da ita a ofisoshin lissafi na ƙasashenmu, tare da lambobin asusu na SYSCOHADA. Ki nemi darasin yamma ko na ƙarshen mako, amma kafin ki biya ko dala ɗaya, ki je ki gani da idonki: kwamfuta nawa ce a ajin, ɗalibai nawa ne, kuma malamin ya taɓa riƙe lissafin wani kamfani? Ajin da mutum biyar ke leƙen allo ɗaya ɓarnar kuɗi ne. Ki kuma leƙa ofishin 'yan kasuwa da na FAFPA, asusun da ke tallafa wa horon sana'a, ki tambayi abin da suke da shi na ma'aikata irinki. Wani kaso na kuɗin adashin ki sayi kwamfuta ta hannu, domin abin da ba a maimaita shi a gida da dare ba ya zama.

Sai batun yaron, wanda nan ne na fi so ki saurare ni. Kada ki ɗauke shi kishiya. Shi ya san na'ura, amma bai san cewa dillalin da ke zuwa daga Jibiya da naira yake biya ba, kuma canjin safe daban yake da na yamma. Bai san wane ne Alhaji ke ɗaga wa ƙafa don zumunci ba. Wannan ilimi naki ne, kuma yana bukatarsa fiye da yadda zai furta. Gobe idan kin kai littafin, ki ja kujera ki ce masa: "Ƙanena, nuna mini yadda kake shigar da wannan, ni kuma in gaya maka labarin kowane suna da ke ciki." Ba zubar da girma ba ne.

Idan hannunki ya faɗa, ki shigar da bashin wata uku da kanki, ki buga shi a takarda ɗaya da ke nuna wa ake bi, nawa ne, kuma tun yaushe. Ki zaɓi lokacin da shago ya lafa, bayan la'asar, ki ajiye ta gaban Alhaji. Sai ya karanta ya ɗago kai tukuna za ki roƙi a damƙa miki sashen bashi da sito gaba ɗaya, tare da ƙarin albashin da ya dace da shi. Ki rubuto mini abin da ya ce. Allah ya dafa miki.