Bincike kan ci gaba mai ɗorewa a Legas: ta ina za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana karanta labarin ƙasa, kana son rubuta kundin digiri kan ci gaba mai ɗorewa a Legas, amma batun ya yi maka faɗi.

Ai dole. Muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 har 17 ne. Ɗauki ɗaya, ka tsaya a wuri ɗaya. Da ni ne, kasuwar kayan abinci ta Mile 12 zan nufa. Tirela ta kwana biyu a hanya daga Arewa, kwandunan ƙasa sun matse, tumatir ya ruɓe, a zubar. Damina ta zo, shara ta toshe kwata. Ga sufuri, ga asarar abinci, ga ambaliya, duk a waje guda.

Kafin komai, je ka gaida shugabannin kasuwa da wasiƙar makaranta a hannu. Yi hira baki da baki, dillali ba shi da lokacin cike takarda. Kada ka jingina da ƙidayar 2006 ita kaɗai, ta tsufa. Alƙaluman ruwan sama na wajen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, na shara kuma tuntuɓi LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas.

Batun taswirar GIS (wadda ake haɗawa a kwamfuta da bayanan wuri) da adadin mutanen da za ka tambaya kuwa, zauna da malamin da ke duba aikinka tun kafin ka fita.