Wane launin rini ne zai karɓi fatata? Tambayar wata 'yar'uwa daga Jos

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Anguwar Rogo, nan Jos, shekarata 34, kuma ni wankan tarwaɗa ce. Bara wata ƙawata, fara ce sol, ta rina gashinta ruwan zuma ya yi mata kyau ƙwarai. Sai na je Terminus na sayi irin kwalin da ta yi amfani da shi, na yi a gida. Gashina ya fito ja-ja kamar an babbaka shi, fuskata kuma ta dusashe kamar wadda ta tashi daga jinya. Don kunya sai na sa baƙin rini na rufe shi. Yanzu furfura ta fara leƙo mini a gaban goshi, ga bikin ƙanwata saura mako 6, kuma ina saka rilaksa. Wane launi zan yi wanda zai dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a bikin, ya kai mu lokacin lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, abin da ya same ki bara ba laifin fatarki ba ne. Hoton da ke jikin kwali launi ne da rinin ke bayarwa a kan gashin da dama yana da haske. Namu gashin baƙi ne mai cike da launi, kuma a ƙarƙashin baƙin akwai ja a ɓoye. Idan sinadari ya fara cinye baƙin, gashi ba ya tsallakawa zuwa ruwan zuma kai tsaye. Sai ya bi ta ja, ya zo ruwan goro, sannan ya kai ruwan ɗorawa. Rinin kwali mataki biyu ko uku kawai yake iya ɗaga gashi, wato ya ƙara masa haske, shi ya sa ya ajiye ki a tsakiyar hanya, a kan wannan jan da kika gani. Don haka kada ki yanke hukuncin cewa launi mai ɗumi bai karɓe ki ba. Ba ki ma kai gare shi ba tukuna.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Mata da yawa idan suka zauna a kujerata sai su ce, "Anti, ni fara ce" ko "ni baƙa ce, me zan yi?" Haske ko duhun fata rabin magana ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne launin da ke kwance a ƙarƙashin fatar. Za ki ga mata biyu duk wankan tarwaɗa, amma ta ɗaya tana ɗaukar rawaya-rawaya kamar zuma, ta ɗayar kuma tana ɗaukar ja-ja ko shuɗi-shuɗi. Ta farko mukan ce fatarta mai ɗumi ce, ta biyu mai sanyi. Akwai kuma na tsakiya, waɗanda kusan komai ke karɓarsu.

Gane naki ba ya buƙatar kuɗi. Ki wanke fuska, ba hoda ba komai, ki fita tsakar gida da hantsi ki tsaya a inuwa da madubi a hannu. Ki yafa farin mayafi tas, irin na ranar Idi, ki dubi kanki. Ki cire shi ki yafa mai ruwan madara. Ɗaya daga cikinsu zai sa fuskarki ta washe, ɗayan kuma zai fito da duhun ƙasan ido da kowane ɗan tabo. Idan mai ruwan madara ne ya haska ki, fatarki mai ɗumi ce. Idan farin tas ne, mai sanyi ce. Sai ki ƙara da 'yan kunne, na zinari a kunne ɗaya, na azurfa a ɗaya. Mai ɗumi zinari ke bin jikinta, mai sanyi azurfa. Za ki ji ana cewa a duba launin jijiyar wuyan hannu, kore ce ko shuɗiya. A kan fata irin tamu da kyar ake ganin jijiyar, ni ba na dogara da wannan.

Wani abu kuma da ya zama dole in faɗa, ko da bai shafe ki ba zai shafi wata mai karatu. Idan mace tana shafa man ƙara haske, fuskarta ba za ta gaya mata gaskiya ba. Ta duba ƙirji ko cikin damtse, inda rana ba ta duka kuma man bai cika kaiwa ba. Na sha ganin wadda ta zaɓi launi da fuskar da mai ya sauya, bayan 'yan watanni ta daina shafawa, fata ta dawo asalinta, sai gashi da fuska suka zama kamar na mutum biyu.

Idan kin tabbatar mai ɗumi ce ke, launukanki su ne ruwan ƙasa mai ɗan zinari, ruwan tagulla, ruwan jan ƙarfe mai duhu, da ruwan zuma mai duhu idan za a yi shi tsilli-tsilli. Idan mai sanyi ce, ki nufi ruwan zoɓo, ruwan makuba, ruwan ƙasa mai duhu irin na gahawa, ko baƙi mai ɗan shuɗi. Ruwan zoɓo a kan mace baƙa mai santsin fata, a ganina, babu launin da ya kai shi kyau. Yana ɓoyewa a cikin ɗaki, sai haske ya same shi ya yi wal. Abin da nake hana kusan kowa shi ne launin da ya yi daidai da fata sak. Idan gashi da fuska suka zama kala ɗaya, fuska ba ta da abin da zai zagaye ta ya fito da ita. A bar tazara, ko gashi ya fi fata duhu da mataki biyu, ko ya fi ta haske a fili. Haka nan launuka masu toka-toka, waɗanda ke yi wa Turawa kyau a hoto, yawanci sukan sa fatarmu ta yi furu-furu kamar ta hunturu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ƙawarki da nata, ke da naki.

Kafin ki kashe ko sisi, gani ya kori ji. Ki shiga shagon masu sayar da gashin doki, ba don ki ƙara a kanki ba, ki roƙa a ba ki ki kara a gefen kumatu a bakin ƙofa inda haske yake. Lambobinsu sanannu ne. 1 baƙi ne wuluk, 1B baƙi mai sauƙi kamar na halitta, 2 da 4 ruwan ƙasa, 33 da 30 masu ja-ja ne, 27 ruwan zuma, 99J ruwan zoɓo. Cikin minti biyar za ki ga wanda ya tashe ki da wanda ya kashe ki. Sai dai lambobin kwalin rini daban suke. A can ana ƙirgawa daga 1, baƙi, zuwa 10, mafi haske, sannan lambar da ke bayan ɗigo ita ke nuna ɗanɗanon launin. A kamfanoni da yawa 3 na nufin zinari, 1 kuma toka, amma kowane kamfani da tsarinsa, sai a karanta.

Ki kuma tuna inda za a ga gashin. Mu nan a waje kai a rufe yake, gashi na cikin gida ne, na maigida da 'yan'uwa mata, da ɗan abin da ke leƙowa a gaban ɗankwali. Launin da ya yi kyau a fitilar shago bai zama lallai ya yi kyau a ƙwan lantarkin ɗakinki ba. Ƙwan lantarki mai farin haske yana dusashe ja, mai rawaya kuma yana ƙara masa wuta.

To, amma a kanki akwai wani batu da ya sha gaban zaɓin launi, wato baƙin rinin da kika sa bara. Rini ba ya ɗaga rini. Gashi na tsiro kamar santimita ɗaya a wata, don haka abin da ya fito sabo tun bara bai wuce tsawon yatsa da ɗan ƙari ba. Shi ne kaɗai zai karɓi sabon launi mai haske. Sauran jelar tana nan da baƙinta. Idan kika zuba ruwan tagulla a kai gaba ɗaya, tushe zai yi ja, jela ta tsaya baƙa. Hanyar da aka fi bi wajen cire baƙin kuwa ita ce bilicin, kuma bilicin a kan gashi mai rilaksa ba na yi wa kowa, ko nawa za a biya ni. Dukansu biyu suna raunana gashi, idan suka haɗu sai ki ga yana tsinkewa a matsefi kamar zaren da ya ruɓe. Ga iskar Jos, mai sanyi da bushewa, wadda ko lafiyayyen gashi sai an bi shi da mai.

Ga shawarata a wannan mako 6. Ki zauna a cikin launi mai duhu, lamba 3 ko 4 a kwalin rini, ruwan ƙasa mai duhu. Idan gwajin mayafi ya nuna ke mai ɗumi ce, ki ɗauki mai ɗan zinari ko tagulla. Idan mai sanyi ce, mai ɗan zoɓo. Ki nemi irin rinin da ba shi da amoniya, wanda ke fita a hankali bayan wanki kamar 20 zuwa 24. Ba ya ɗaga gashi, ɗora launi kawai yake yi, don haka bai cika wahalar da mai rilaksa ba. Zai shiga furfurarki ta zama siraran zare masu ɗan haske a cikin duhu, abin da wasu ke biyan kuɗi a yi musu da gangan. Idan lokacin rilaksa ya yi, ki fara da ita, ki bari aƙalla mako 2 ya wuce, sannan a yi rinin kamar kwana 10 kafin biki. Tsakanin nan ki riƙa turara gashin da man kaɗanya ko man kwakwa duk mako. Ruwan haɗin da ke zuwa da rini shi ma yana da lamba, 10, 20, 30, 40. Kada a wuce miki 10.

Baƙi wuluk ban ba ki shawararsa ba saboda dalili biyu. Yana taurara fuska, kuma furfura na fitowa ƙarƙashinsa sai ta yi fari fat kamar an ja layi da alli. Sannan akwai hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyadina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a sauya furfurar amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin, ki tambayi malaminki. Ruwan ƙasa mai duhu ya fitar da ke daga wannan saɓanin.

Wata za ta ce ga lalle, ai shi iyayenmu suka sani, su da shuni. Gaskiya ne, kuma lallen gargajiya zalla yana da kyau. Amma shi kaɗai a kan furfura ruwan goro yake bayarwa mai ƙarfi, sai an haɗa shi da garin baba yake komawa ruwan ƙasa. Kuma idan ya kama ba ya fita, sai dai gashi ya tsiro a yanke. Wadda ta san za ta so sauya launi nan gaba ta yi tunani kafin ta sa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba na sassautawa a kansa. Yawancin rini mai duhu yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, irin wanda ke cikin dayis da ake ƙunshi da shi. Jikin wasu ba ya jure shi, kuma matsalar tana iya tasowa ko da an taɓa yi a baya lafiya lau. Awa 48 kafin a rina miki, ki haɗa ɗan kaɗan ki shafa a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki bar shi. Idan wurin ya yi ƙaiƙayi, ja, ko ƙuraje, wannan rinin ba naki ba ne. Idan dayis ya taɓa tayar miki da ƙuraje a hannu, ki gaya wa mai gyaran kafin ta buɗe kwali, kuma ki ga likitan fata tukuna. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin abin da kika saya, kada kuma a yi miki rini idan fatar kanki tana da ciwo ko ƙunar rilaksa. In har bayan an yi kika ji fuska ko fatar ido na kumbura, ko numfashi na yi miki nauyi, ki wanke kai nan take ki tafi asibiti, kada ki jira gari ya waye.