Baitin waƙa a jikin tukunya: yadda za a hana hayaƙi cinye shi

Tambaya: Ina ginin tukwane da hannu, ina kuma rubuta waƙa. Na rubuta baiti biyu da buroshi a jikin wata tukunya, na gasa ta a rami da dusar katako, sai ta fito baƙi ƙirin, rubutun ya ɓace. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yar'uwa, kuskuren a buroshin yake. A gashin rami, inda iska ta yi ƙaranci, hayaƙi yakan shige ƙofofin yumɓu ya zauna, kuma ba ya tambayar inda kika yi rubutu. Duk abin da aka shafa a sama yana iya nutsewa cikin baƙin. Abin da aka sassaƙa kuwa yana nan, ko ido bai gan shi ba yatsa zai ji shi.

Haka magabata a wannan sana'a suka yi. Otagaki Rengetsu, wadda ta rayu a Kyoto ta ƙasar Japan daga 1791 zuwa 1875, sassaƙa waƙoƙinta take yi a jikin kofuna da butocin shayi. David Drake, bawa ne a Edgefield ta Amurka, da tsinke ya riƙa zana baitocinsa a ɗanyen yumɓu tun 1834, a lokacin da doka ta hana koya wa bayi rubutu. Har yau ana karanta su.

Ki jira tukunyar ta sha iska, ta daina manne wa hannu amma ba ta bushe ba. Lokacin ne tsinke ke tafiya sumul, yumɓun na fita siriri kamar zare. Ki yi haruffa manya, domin yumɓu na tsukewa da kusan kashi 10 cikin 100. Ki cuɗa garin tsingaro a yumɓun tun farko don kada zafi ya tsaga shi, ki kuma fara gasa ta a tanderu kafin ta shiga rami.

Ni dai na fi son gashin raku wajen rubutu, wato gashin da ake ciro tukunya daga tanderu tana da zafi, irin wanda Paul Soldner ya yaɗa a Amurka wajen 1960. Bayan gashin farko, ki cika haruffan da kaki don kada gilashi ya shige su, ki shafe sauran jikin da farin ruwan gilashi, wato ruwan da ke narkewa a wuta ya zama ƙyalli, sannan ki mayar da tukunyar tanderu. Idan zafi ya kai kusan digiri 1000 a ma'aunin Celsius, a ciro tukunyar da awartaki tana ja zur, a saka ta a garwar ƙarfe mai dusar katako, a rufe. Hayaƙin da ya ɓata miki aiki shi ne yanzu tawadarki: haruffan su fito baƙaƙe a kan fari. Sai dai gilashin yakan yi tsage-tsage baƙaƙe, su yi gogayya da siririn rubutu, shi ya sa baiti ɗaya mai kauri ya fi huɗu a cunkushe.

Ki yi aikin a fili da safar hannu mai jure wuta. Tukunyar raku ta ado ce, tana tsatsar ruwa, kada a ci ko a sha a cikinta.