Tambaya da Amsa: Mu Gyara Rufin Gidan Gado Ko Mu Sayar da Shi Haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida mai ɗakuna 6 a Tudun Wadan Zariya, wanda ya gina kusan shekara 40 da suka wuce, kuma mu magada mun amince a sayar a raba kuɗin. Kwanon rufin ya yi tsatsa, ɗakuna 2 suna yoyo duk damina, silin ɗin falo ma ya yi ciki. Dillali ya ce mu shafa fenti mu jira rani sannan mu sa shi a kasuwa, yayanmu kuwa yana son a kware rufin a yi sabo. Wace shawara ta fi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Shawarar dillalin nan ku ajiye ta gefe. Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Fentin da za a shafa a kan tabon yoyo don a rufe idon mai saye irin wannan tsibin ne. Malaman fiƙihu kuma sun ba mai saye haƙƙin dawo da ciniki ko neman ragi, gwargwadon girman aibin da aka ɓoye masa, don haka kuɗin da kuka riga kuka raba zai iya komar da ku gaban alƙali da zarar ruwan Agusta ya sauka.

Lalacewar rufi tana karya farashin gida fiye da abin da gyaransa zai ci, domin mai saye bai san inda ɓarnar ta tsaya ba, sai ya ƙiyasta mafi muni ya cire daga tayinsa. Yana da hujja kuwa. Kwano yakan fara ruɓewa ne a bakin ƙusa da wurin da falle ya hau kan falle, ruwan da ya shiga ta nan ya jiƙa katako, katako mai danshi ya gayyato gara, daga nan ruwan ya sauka kan silin, ya bi wayoyin lantarki, ya gangara cikin bango har shafen siminti ya riƙa ɓamɓarowa. Silin ɗin falonku da ya yi ciki shaida ne cewa ruwan ya daɗe yana aikinsa.

Kafin ku kashe ko sisi, ku sa kafinta mai amana ya hau cikin silin da tsakar rana. Duk hudar da ke jikin kwanon zai gan ta, domin haske yakan tsirgo ta ciki kamar tsinke. Ya riƙa soka bakin sukudireba a jikin katakan ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda suka kwanta a kan bango: in ƙarfen ya tsaya, katakon yana da rai, in kuwa ya nutse gari ya zubo, gara ta gama da shi. A yi hattara da silin ɗin kansa, don gidaje da yawa na wancan zamanin da asbesto aka yi musu shi, kuma ƙurarsa tana cutar da huhu in aka fasa shi ko aka yanka shi da zarto.

In katakon lafiya yake, ku canza fallayen da suka huje, a sake ƙusoshi, a gyara silin, ku adana rasit ku nuna wa mai saye. Wannan ƙaramin gyara ne da yakan mayar da kuɗinsa.

In kuwa katakon ya ruɓe, a nan ne nake jin tsoron shawarar yayanku, duk da kyakkyawar niyyarsa. A tsohuwar unguwa irin Tudun Wada, babban kason farashin gida na fili ne da kusancinsa da titi da ingancin takardunsa, kuma wanda zai saya yana iya zama ɗan kasuwar da zai rushe ginin ya yi shaguna ko bene, wanda ba zai ƙara muku kwabo ba saboda sabon rufin da zai kware da hannunsa. Ko da mai neman gidan zama ne, da wuya ya biya cikakken abin da kuka kashe a kan dogon kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45 ko 0.55, in kuma kuka sa mai arha marar kauri, iskar farkon damina tana iya naɗe shi kafin a yi ciniki. A ganina gara ku karɓi rubutaccen ƙiyasin aikin daga kafintoci 2 daban-daban, ku miƙa wa duk wanda ya zo taya gidan, a rage wannan adadin a kan sani, sannan ku sa kuɗi da lokacinku wajen daidaita takardun mallaka a KADGIS, hukumar kula da takardun filaye ta Jihar Kaduna, in ba a riga an yi ba.

Tunda gidan na gado ne, ko wane gyara za a yi sai da yardar dukkan magada a rubuce, a kuma fayyace wanda zai fitar da kuɗin da yadda za a mayar masa kafin rabo. In akwai ƙananan yara a cikinku, a sanar da waliyyinsu ko alƙalin da ke kula da rabon kafin kafinta ya cire ƙusa ko ɗaya.