Wasan Da Ya Dace A Fara Da Shi A Warhammer 40,000

Ɗan'uwa, ka tambayi wasan bidiyon da ya dace sabon shiga ya fara da shi a duniyar Warhammer 40,000, wadda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da ita a 1987 a matsayin wasan ƙananan gumakan sojoji a kan tebur. Shawarata ita ce ka fara da Dawn of War na 2004, domin a nan za ka gina sansani, ka tara runduna, ka kuma fahimci halin Space Marines (zaratan sojojin ɗan Adam) da Orks da Eldar (wasu jinsunan halittu biyu da ba mutane ba) sannu a hankali. Idan kuwa ka fi son sara da takobi mai haƙoran zarto, Space Marine 2 na 2024 ya wadatar. Rogue Trader dai, wato wani wasan bidiyo na wannan duniyar, a jinkirta shi, saboda yawan karatu da lissafinsa.